Zaizayar Baki a Ƙasar Sakkwato: Tarihin Rumbu, Aska da Jinkiri

A ƙauyukan da ke kudu da birnin Sakkwato, daga Sifawa da Boɗinga har Horo Birni a ƙaramar hukumar Shagari, ciwon baki ba baƙo ba ne, kuma yawancinsa ba ya kisa. Akwai ƙurjin da kan fito a cikin leɓe ya hana mutum jin daɗin tuwo, ya warke da kansa cikin mako ɗaya ko biyu. Akwai kumburin da ruɓaɓɓen haƙori kan haifar har ya tara mugunya. Akwai farin da kan lulluɓe harshen jariri, da ƙurajen da zazzaɓi kan bari a leɓe, da gyambon da kan kama dattijon da ya daɗe yana tauna taba, wanda in ya haura mako uku bai warke ba ya kamata likita ya duba ko daji ne. Amma a cikinsu akwai guda ɗaya da ya bar tabo a tarihin wannan ƙasa, har aka gina masa asibiti nasa na kansa. Shi ne zaizayar baki, wanda likitoci ke kira noma, mutanen karkara kuma kan ce ɗanhurawa ko ciwon iska. Abin da nake son kafawa da hujja shi ne, tarihin wannan ciwo tarihin yunwa ne da jinkiri. A rumbu yake farawa, a makon farko ake cin nasara a kansa ko a faɗi, kuma mutanen da suka fi kusa da bakin yaro a wannan makon su ne dai waɗanda suke kusa da shi tun zamanin kakanni: uwa, kaka, ungozoma da wanzami.

Ciwon yakan kama yaro ɗan shekara biyu zuwa shida, galibi wanda tamowa ta riga ta ci ƙarfinsa, sannan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ko wata jinya ta ƙara kayar da shi. Farkonsa ba ya ba da tsoro: dasashi ya yi ja, ya riƙa zubar da jini in an taɓa, baki ya yi wari, miyau ya yi ta dalala, yaro ya ƙi abinci. Ƙwayoyin cutar da ke yin wannan ɓarna ba daga nesa suke zuwa ba, irin waɗanda ke zaune a bakin mutane ne, raunin jiki ne ke buɗe musu ƙofa, shi ya sa ciwon ba ya yaɗuwa daga yaro zuwa yaro. Bayan 'yan kwanaki kunci ya kumbura, wuri ɗaya ya yi baƙi, nama ya mutu ya zube, ɓarnar ta kai ga leɓe da hanci da ƙashin muƙamuƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in ba a yi magani ba, yara tara cikin goma na iya mutuwa. Wanda ya rayu kuma sau da yawa tabo kan ɗaure masa muƙamuƙi, ya kasa buɗe baki ya ci ko ya yi magana sosai. Amma a matakin farko, lokacin da ciwon yake a dasashi, magungunan kashe ƙwayoyin cuta masu araha, da kurkure baki da ruwan gishiri, da abinci mai gina jiki, sun isa su tsayar da shi. Tazarar da ke tsakanin maganin 'yan nairori da tiyatar shekaru ba ta wuce mako ɗaya zuwa biyu ba.

Wannan yanki bai taɓa rasa masu kula da lafiyar jiki ba. Bayan jihadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga, kuma malaman wannan zamani sun ɗauki ilimin magani a matsayin ɓangaren addini. Malam Abdullahi ya rubuta Masalihul Insan a kan abin da ke gyara addini da jiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan ciwon ido da basur. A ƙasa da malamai kuma akwai masu sana'a, kuma babu wanda ya kai wanzami shiga gida. Sana'arsa gado ce, tana da sarautarta ta Sarkin Aska, kuma a karkara kowane gida yana da wanzaminsa da ake sallama da damin gero in kaka ta yi. Shi ke yi wa jariri askin suna, shi ke cire belu, shi ke kaciya da ƙaho da tsaga, shi ke sakiya in maruru ya nuna. Ke nan tun ɗaruruwan shekaru, namijin da ya fara buɗe bakin ɗan Bahaushe ya leƙa ciki wanzami ne. Sai dai kayan da ke zabirarsa an yi su ne don abin da ake yankewa ko a tsotse ko a huda, zaizayar baki kuwa ba ta da abin yanka a farkonta, kuma in ta yi nisa aska ba ta da abin da za ta ceto. Boka da mai saiwa sukan ba da na shafawa da na turare, malam ya yi tofi, amma babu ɗayansu da ke riƙe da abin da ciwon ke nema, wato abinci da maganin ƙwayar cuta.

Abinci kuwa shi ne abin da tarihin wannan ƙasa ya nuna yana yankewa a kai a kai. Manomin gero da dawa a Sakkwato yana da damina ɗaya gajera, kuma kowace shekara akwai watannin da rumbu ke ƙarewa kafin sabon gero ya nuna. A kan wannan ƙuncin na shekara-shekara sai manyan yunwa suka riƙa sauka, har mutane suka raɗa musu suna suna ƙirga shekarun haihuwa da su: Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, wadda ta zo shekara goma bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903 suka ɗora harajin kuɗi a kan talaka, sai 'Yar Buhu ta 1927, sai farin 1972 zuwa 1974, sai na 1984. A kowace irin wannan shekara, wanda ya fara faɗuwa shi ne yaron da aka yaye. A al'ada yakan bar nono yana wajen shekara biyu, a kai shi gidan kaka, abincinsa ya koma kunu da koko tsinkakke, ba madara ba wake ba ƙwai. Shekarun da zaizayar baki ta fi kamawa su ne dai shekarun bayan yaye. In ƙyanda ta ratsa gari da rani ta tarar da irin wannan yaro, takan bar bakinsa da ƙuraje, jikinsa ba garkuwa. Binciken da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi a 2017 a kan yaran da aka kawo asibitin Sakkwato ya tarar da abin da wannan tarihi ke nunawa: ciwon ya fi yawa ga yaran da koko ne abincinsu kullum, ya kuma ragu ga waɗanda aka ba dakashi bayan haihuwa da waɗanda uwarsu ce ke renonsu da kanta.

Hujja mafi ƙarfi a kan cewa yunwa ce uwar wannan ciwo daga Turai ta fito. Likitocin can sun san shi sarai. A ƙarni na 17 da na 18 ya addabi 'ya'yan talakawa a Holan da Jamus da Faransa da Ingila, musamman a gidajen marayu da kuma bayan annobar ƙyanda. Zuwa ƙarshen ƙarni na 19 ya soma janyewa, a farkon ƙarni na 20 ya kusa ɓacewa, alhali allurar fenisilin ba ta shiga hannun jama'a ba sai a shekarun 1940, rigakafin ƙyanda kuma sai a 1963. Ba magani ne ya kore shi ba, ƙoshi ne da tsabtataccen ruwa da gyaruwar muhalli. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, aka tara mutane a sansanonin Auschwitz da Bergen-Belsen aka hana su abinci, sai ciwon ya sake ɓulla a tsakiyar Turai. Ya tafi da ƙoshi ya dawo da yunwa, a nahiya ɗaya, a cikin jinsin mutane ɗaya. A Nijeriya ma ba arewa kaɗai ta san shi ba: a 1966 likita Michael Tempest ya wallafa bayanin yara 250 da aka yi wa jinyarsa a asibitin koyarwa na Ibadan, kuma Farfesa Cyril Enwonwu ya shafe shekaru yana nuna alaƙarsa da tamowa da ƙyanda. Ciwon ba na Hausawa ba ne, ba na Sahel ba ne, na duk inda yaro ke kwana da yunwa ne.

Mai karatu na iya cewa, ai ciwo da lafiya na Allah ne, kuma iyayen da suka ce iska ce ta taɓa ɗansu ba su yi laifi ba. Ban ga dalilin zarginsu ba. Uwar da ta kwanta da yaro mai warin baki ta wayi gari bayan kwana huɗu ta ga kuncinsa ya yi baƙi, dole ta nemi bayanin da ya yi daidai da girman abin da ta gani, kuma ba wanda ya taɓa zuwa ya ba ta wani. Amma imani da ƙaddara bai taɓa hana Musulmi neman magani ba, kuma malaman Sifawa da Boɗinga da suka zauna suka rubuta littattafan magani sun riga mu fahimtar haka. Tambayar da ya kamata a yi ita ce, me ya sa wannan iska ba ta shiga gidan mai rumbu cike, ba ta taɓa ɗan ma'aikaci a Sakkwato, sai ɗan talaka a ƙarshen bazara? Illar bayanin iska ba a cikin aƙida take ba, a cikin kwanaki take. Yakan tura iyaye neman turare da tofi a daidai kwanakin da maganin asibiti zai yi aiki, ya kuma sa a ɓoye wanda ya rayu a ƙuryar ɗaki don gudun bakin mutane. Yaron da ya mutu an binne shi ba a rubuta abin da ya kashe shi ba, wanda ya tsira an ɓoye shi, da haka ciwon ya yi ƙarni yana ɓarna ba ya cikin lissafin hukuma.

Lissafin ya fara ne a ƙarshen ƙarni na 20. A Damagaram ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwizalan ta soma karɓar yaran Nijar masu wannan ciwo tun farkon shekarun 1990. A 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana shi matsalar lafiyar al'umma, a 1998 kuma ta ƙiyasta cewa yana kama mutum 140,000 a shekara. A Sakkwato, likitocin tiyata daga Jamus da Holan sun fara zuwa a 1996 da tallafin gidauniyar AWD ta Jamus, a 1999 aka buɗe Asibitin Yara na Noma, wanda ya zama abin kwatance a duniya. Daga bayanan wannan asibiti ne masu bincike suka ƙiyasta a 2003 cewa a arewa maso yammacin Nijeriya ciwon na kama wajen yaro shida cikin dubu. Tun 2014 MSF ke aiki tare da ma'aikatar lafiya ta jiha a can, an yi tiyata fiye da dubu kyauta. Gwamnatin tarayya ta keɓe 20 ga Nuwamba ranar tunawa da ciwon, kuma Nijeriya ce ta jagoranci ƙasashe 32 wajen miƙa buƙatar da ta sa, ranar 15 ga Disamba 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. Wannan aiki ne da ya cancanci yabo ba tare da rowa ba, kuma Sakkwato ce cibiyarsa.

Daga nan ne wani zai ce, to ai magana ta ƙare, asibiti na nan, titin Sakkwato zuwa Jega ya ratsa Boɗinga da Shagari, mutumin Horo Birni zai iya zuwa ya dawo a yini guda. Amma a duba waɗanda suka fi cika gadajen tiyatar: masu tabo ne, wasu sun girma har sun yi gemu da raunin da suka samu suna 'yan shekara uku. Su ne ɗaya cikin goman da suka tsira, sauran taran ba su iso ba. Gyaran fuska ɗaya kan ɗauki tiyata biyu ko uku ko fiye, da watanni na jinya da koyon buɗe baki, kuma duk ƙwarewar likita ba ya mayar da fuska yadda Allah Ya halitta ta. Asibitin yana gyara abin da jinkiri ya ɓata, ba zai iya shiga ɗakin da jinkirin ke faruwa ba. Kuma nisa ba a kilomita kaɗai ake auna shi ba. Matar da ba za ta fita ba sai da izinin miji, mijin kuma yana ci-rani, ba kuɗin mota, ga wasu yara a gida, a wurinta Sakkwato ta yi nisa ko da tana jin ƙarar motocin titi. Rigakafin yara ma bai isa ko'ina ba: ƙididdigar ƙasa ta 2016 zuwa 2017 ta nuna yara uku kacal cikin ɗari a jihar Sakkwato ne suka kammala allurar rigakafi mai kare cututtuka biyar, mafi ƙaranci a Nijeriya. Jihar da ke da asibitin gyaran fuska mafi shahara ita ce a lokacin ta fi kowa rauni wajen tare abin da ke ɓata fuskar.

Saboda haka nake ganin darasin tarihin nan yana komawa ne ga tsohuwar sana'a. Tun zamanin mulkin mallaka aikin lafiya na zamani ya taru a birane da manyan garuruwa, ya ɗauki wanzami da ungozoma a matsayin kishiyoyi ko abin kunya. Amma har yau babu ma'aikacin lafiya da ke shiga gidajen ƙauye kamar su, babu kuma wanda kaka ke jin maganarsa kamar su. Abin da ake buƙata daga wanzami ba magani ba ne, ido ne da kalma. Ya san alamu uku: dasashi mai jini, wari mai ƙarfi, da kumburin kunci ga yaron da ya rame ko ya tashi daga ƙyanda. In ya gan su ya rufe zabira, ya ce a tafi asibiti yau, ba gobe ba. Da masu binciken MSF suka zauna da masu maganin gargajiya a Sakkwato, sun tarar da yawansu suna ganin irin waɗannan yara tun ciwon yana ɗanye ba tare da sun gane shi ba, kuma sun nuna a shirye suke su koya su kuma tura marasa lafiya asibiti. Sana'ar da take da sarki da tsari da gado ta fi sauƙin koyarwa fiye da jama'a a warwatse: in Sarkin Aska na gunduma ya karɓi magana, ta isa kowane gida da ake askin suna.

Ƙorafi mafi nauyi a kan wannan ra'ayi shi ne cewa wanzami kansa yana cikin matsalar. Cire belu da askar da ba a dafa ba ya jawo zubar jini da tsinkau-tsinkau da mutuwar jarirai, kuma likitoci sun daɗe suna cewa ba shi da amfani ga lafiyayyen yaro. Ashe jawo wanzami jiki ba zai zama amincewa da wannan ba? Gaskiya ne, kuma ba na neman a sassauta a kan cire belu. Amma shekara ɗari na juya masa baya ba su hana iyaye kiransa ba, sun dai hana shi sanin abin da likita ya sani. Wanzamin da ake gayyata asibitin gunduma, ake koya masa, ake yaba masa a gaban hakimi in ya turo yaro da wuri, shi ne wanda za a iya ce wa ya ajiye askar belu ya ji. Akwai kuma maganar abinci: mutumin da sana'arsa ke ci da shi ba zai tura mai jinya wani wuri ya zauna hannu wofi ba. Sai a yi masa abin da aka yi wa ungozomomi da masu shela a yaƙi da shan inna, a ba shi ɗan alawus da matsayi. Kuɗin da za a kashe a kan wanzaman gunduma guda a shekara ba zai kai na gyaran fuskar yara kaɗan ba.

Saura ƙorafi na ƙarshe, wanda ya fito daga hujjata kanta: in yunwa ce tushe, kuma Turai ba ta rabu da ciwon ba sai da ta ƙoshi, ashe sai mu jira ranar da talauci zai ƙare? A'a, domin muna da abin da Turawan ƙarni na 19 ba su da shi. Muna da rigakafin ƙyanda, da gidan sauro, da maganin ƙwayar cuta mai araha, da abincin tamowa na gyaɗa da ake rabawa a asibitoci. Kuma tamowar ɗan yaye ba kullum rashin hatsi ba ce, sau da yawa rashin haɗi ce. Wake da gyaɗa da zogale da nonon shanu duk suna cikin abin da ƙasar Shagari da Boɗinga ke samarwa. A zuba ƙuli-ƙuli ko garin wake a kunun yaro, a ba jariri dakashi maimakon a matse a zubar, a goge wa yaro baki da tsumma mai tsabta da ruwan gishiri kamar yadda babba ke yin asuwaki, waɗannan ba sa jiran kasafin kuɗin Abuja. Abin da ke wuyan hukuma shi ne ƙaramin asibitin mazaɓa ya kasance a buɗe, da ma'aikacin da zai buɗe bakin duk yaron da aka kawo da tamowa ko ƙyanda, da magani a kan kanta. Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta riga ta danganta wannan ciwo da tauye haƙƙin yaro na samun abinci tun 2012, don haka ba alfarma ake roƙo ba.

Shekara ashirin da biyar na farko na asibitin Sakkwato sun tabbatar da cewa ana iya gyara fuska, ana iya fito da wanda aka ɓoye ya koma makaranta ya yi aure. Aikin shekara ashirin da biyar masu zuwa ya fi wannan wuya, don ba ya da hoton da za a nuna: a rage yawan masu buƙatar gyaran. Za a auna nasararsa ne da yawan yaran da aka kawo tun ciwon yana dasashi, da yawan waɗanda aka yi wa rigakafin ƙyanda a kowace mazaɓa, da yawan wanzamai da ungozomomin da suka san alamu ukun nan. Shugabannin ƙananan hukumomin Shagari da Boɗinga da hakimansu da limamansu suna da ikon fara wannan a bana, da taro ɗaya na masu aska da ma'aikatan lafiya kafin rumbuna su sake ƙarewa.